Kafin wuƙa ta taɓa fata: maganin raɗaɗin tiyatar mafitsara da ƙoda

Daren da aka yi wa Baffana aikin furosteti, ƙullin nan da kan tare wa dattawa fitsari, ban runtsa ba, shi ma haka. Ba ɗinkin da ke mararsa ne ya hana shi barci ba. Abin da yake ta maimaitawa shi ne, "Ɗana, kama ni in tashi, fitsari nake ji." Ni kuwa ina kallon robar da aka sa masa, ina kallon jakar da ke rataye a gefen gado tana cika da ruwa ja-ja, ina ce masa, "Baffa, ai fitsarin yana fita da kansa." Sai ya yi shiru na ɗan lokaci, ya damƙe ƙarfen gadon, gumi ya keto masa, ya sake cewa a tashe shi. Wannan dattijo ne da kunama ta taɓa harbi a gona, ya ɗaure wurin da tsumma ya ƙarasa kunyar da yake nomewa. A daren nan na ga hawayensa.

An riga an yi masa allurar kashe zafi da magariba, kuma ta yi aiki a kan yankan. Wannan ciwon dai ba ta taɓa shi ba. Can cikin dare wata nas ta zo, ta fara duba ko ruwan yana gudu, ta taɓa marar, sannan ta ce, "Sannu Baba. Mafitsararka ce ke murɗawa, ba ta saba da baƙo ba." Ta kawo wata allurar daban, irin ta murɗar ciki. Kafin kiran assalatu ya samu barci.

Bayan wasu shekaru aka yi wa wani maƙwabcinmu irin wannan aiki. Shi tun kafin a tura shi ɗakin tiyata da kamar awa guda aka ba shi ƙwayoyi ya haɗiya da kurɓin ruwa, kuma darensa bai yi kama da na Baffa ba. Mutum biyu ba sa zama hujja, jiki ma kowa da nasa. Amma bambancin ya tsaya min a rai har ya sa na bi diddigin maganar: shin ƙwayar da aka sha kafin yanka tana rage zafin da zai zo bayansa?

Tunanin ya daɗe. Tun wajen 1913 wani likitan fiɗa a Amurka, George Crile, ya ce ko da an sa mutum barci, jijiyoyinsa suna ci gaba da kai saƙon rauni, don haka a toshe hanyar tun kafin a yanka. A 1983 Clifford Woolf ya nuna a jikin ɓeraye cewa idan saƙon ciwo mai tsanani ya yi ta kwarara zuwa lakar baya, lakar kanta tana canzawa, ta koma mai saurin firgita. Kamar unguwar da ɓarayi suka shiga jiya ce: yau ko mage ta taka kwanon rufi sai kowa ya fito da gora. Shi ya sa bayan tiyata ko zanin gado ya goga gefen ɗinki sai mutum ya zabura. A 1988 Patrick Wall, ɗaya daga cikin manyan masana ciwo na Ingila, ya kawo shawarar a gwada ba da maganin kafin yanka, ko za a hana lakar firgita tun farko. Ga Bahaushe wannan ba sabon zance ba ne, riga-kafi ya fi magani.

Sai dai da aka kai maganar kan mutane, ba ta fito sarai kamar yadda aka yi zato ba. A 2002 wasu masana a Denmak, cikinsu har da Henrik Kehlet, suka tattara gwaje-gwaje 80 da aka kwatanta ba da magani guda kafin yanka da ba da shi bayan yanka. A yawancinsu ba a ga wani bambancin kirki ba. Wani nazarin na 2005 da ya duba gwaji 66 ya ga amfani a wasu hanyoyi: allurar baya mai ɗorewa, allurar kashe fata a wurin da za a yanka, da magungunan kumburi irin su diklofenak. A dangin mofin kuwa, wato magungunan kashe zafi masu ƙarfi irin su tiramadol, bai ga fa'idar riga-kafin ba. Dalilin bai da wuyar ganewa. Wuƙa tana aikinta cikin awa ɗaya ko biyu, amma naman da aka yanka yana ci gaba da kumburi yana aika saƙon ciwo kwana biyu, uku. Ƙwayar da ƙarfinta ke ƙarewa cikin awa shida ba za ta tsare wannan duka ba. Saboda haka masana suka karkata zuwa cewa a fara da wuri, a haɗa magunguna masu bin hanyoyi daban-daban, kuma kada a bar giɓi har kumburin ya lafa. A ganina nan ne gaskiyar take. Ƙwayar safiyar tiyata tana da amfani ne idan ita ce farkon jeri, kuma idan an zaɓe ta daidai da irin ciwon da ke tafe.

Wannan sharaɗi na biyu shi ya bambanta aikin mafitsara da sauran ayyuka. Wanda aka yi wa aikin ƙaba ciwonsa na yanka ne. Wanda aka yi wa aikin furosteti, wato ƙullin nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji wanda kan kumbura da tsufa ya tare fitsari, ciwo biyu ke jiransa. Ko da ta hanyar fitsari aka zura na'ura aka kankare ƙullin ba tare da an yanka mara ba, roba na nan. Kuma ba irin siririyar da ake sa wa mai toshewar fitsari ba ce. Kakkaura ce mai baki uku: ɗaya na shigar da ruwan wanke mafitsara, ɗaya na fitar da shi, ɗaya na hura wata 'yar balan-balan da ruwa don kada robar ta zame. Balan-balan ɗin tana zama daidai ƙasan mafitsara, wurin da ya fi ko'ina ji. Mafitsara ba ta san roba ba. Abin da ta sani shi ne idan wani abu ya danna wurin nan to ta cika, sai ta matse. Ta matse a kan roba, ta saki, ta sake matsewa. Abin da Baffa ke kira jin fitsari ke nan, da zogi har kan gaba. Nazarce-nazarce sun nuna daga kusan rabi har zuwa tara cikin goma na masu farkawa da roba suna jin wani abu na wannan damuwa, kuma maza sun fi fama da ita.

Tunda matsewar tsoka ce, maganinta shi ne abin da ke sassauta tsokar mafitsara: oksibutinin, tolterodin, solifenasin, ko Buscopan da kowa ya sani. Likitoci a Lucknow ta Indiya sun yi jerin gwaje-gwaje a tsakiyar shekarun 2000, suka ba marasa lafiya tolterodin ko oksibutinin awa guda kafin aiki, kuma damuwar robar ta ragu a fili. A nan riga-kafi yana da ma'ana ta zahiri, domin mai farkawa daga barcin tiyata cikin magagi, yana jin kamar mararsa za ta fashe, yakan kai hannu ya fizgi robar, kuma fizgar roba mai hurarriyar balan-balan tana yaga hanyar fitsari. Amma waɗannan magunguna suna busar da baki, suna ƙulle bayan gida, suna rage gumi, abin da ba ƙaramin abu ba ne a zafin watan Afrilu na Zariya. Ga tsofaffi suna iya kawo ruɗewa, musamman oksibutinin, har dattijo ya kasa gane 'ya'yansa na kwana ɗaya ko biyu. Mai wani nau'in hawan jinin ido, gilakoma, ba a ba shi su sam. Kuma ana dakatar da su kafin ranar cire roba, in ba haka ba mafitsarar ta yi sanyi ta kasa turo fitsari.

Akwai ciwo na uku, na masu tsakuwar ƙoda. Bayan an fasa tsakuwar ko an ciro ta, sau da yawa ana barin wata siririyar roba mai lanƙwasa a kai biyu a cikin bututun da ke saukar da fitsari daga ƙoda zuwa mafitsara. Ba a ganinta daga waje. Duk sanda mutum ya yi fitsari, wani ɓangare yakan bi ta robar ya koma sama, sai ya ji suka a kwiɓi. Tamsulosin, ƙwayar da dattawa da yawa ke sha don sauƙin fitsari, tana sassauta ƙasan bututun tana rage wannan suka, kuma wasu likitoci sukan fara ba da ita kwanaki kafin aikin. Tana iya sa jiri idan an miƙe da sauri. (Mai shan ta da ke shirin aikin yanar ido ya gaya wa likitan idonsa, domin tana shafar ƙwayar ido yayin aikin.) Ita kuma robar tana da ranar cirewa. Wanda ya ji sauƙi ya manta da ita watanni, tsakuwa kan taru a jikinta har ƙodar ta shiga haɗari.

To, ciwon yankan fa? Tushen duk wani haɗi shi ne farasitamol, wanda mutanenmu suka raina saboda arha. Na sha jin mai jinya yana cewa, "Duk kuɗin da muka kashe, farasitamol za a ba shi?" Giram 1, wato ƙwaya biyu masu miligiram 500, idan babba ya sha kamar awa guda kafin aiki sannan aka ci gaba duk awa shida, yana rage yawan allura mai ƙarfi da zai buƙata. Ba ya taɓa ƙoda, ba ya hana jini daskarewa. Iyakarsa giram 4 a yini da kwana, ƙasa da haka ga mai ciwon hanta ko wanda ya rame sosai. Kuma na haɗiya, idan an ba shi a kan lokaci, aikinsa bai gaza na ƙarin ruwa ba, alhali tazarar farashinsu mai nisa ce. Ga iyalin da suka sayar da buhunan masara kafin su kawo tsohonsu asibitin Shika daga Giwa ko Soba ko Maƙarfi, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Inda nake so a tsaya a yi nazari shi ne kan diklofenak da ibufurofen da danginsu. Su ne suka fi dacewa da ciwon kumburi, kuma ga murɗar tsakuwar ƙoda su ne zaɓin farko a duniya. Suna aiki ne ta hanyar hana jiki haɗa wasu sinadarai da ke hura wutar kumburi. Matsalar ita ce waɗannan sinadaran ne kuma ke riƙe jijiyoyin jinin ƙoda a buɗe lokacin da ruwan jiki ya yi ƙasa, su ne ke kare bangon ciki, kuma suna da hannu a daskarewar jini. Yanzu a dubi wanda ke kwance yana jiran aikin furosteti a garinmu. Ya haura sittin. Ya yi shekara biyu ko uku yana fama da fitsari bai gaya wa kowa ba saboda kunya, har fitsarin da ke taruwa ya riƙa danna ƙodojinsa daga ƙasa. Wataƙila tun yana yaro ya yi tsargiya daga wankan kududdufi, ta bar masa tabo a bututun ƙoda. Yana shan maganin hawan jini. An hana shi abinci tun dare, kuma zai zubar da jini a wurin aiki. A ba wannan mutum diklofenak kafin tiyata ba tare da an ga sakamakon gwajin ƙodarsa ba, an ɗora wa jakin da ke ɗingishi kaya. Saurayi mai lafiyayyar ƙoda da za a yi wa aikin gwaiwa, shi kam maganin alheri ne gare shi. Selekoksib, wanda shi ma danginsu ne, ba ya hana jini daskarewa kuma ya fi sauƙi ga ciki, shi ya sa wasu likitoci ke fifita shi, amma a wajen ƙoda duk kanwar ja ce.

Gabafentin da firegabalin, magungunan ciwon jijiya, sun yi tashe na kusan shekara ashirin a matsayin ƙwayar kafin tiyata, kuma gwajin Lucknow ya nuna gabafentin ma yana rage damuwar roba. Amma a 2020 wasu masana a Kanada suka tattara gwaji 281 na mutum sama da 24,000, suka ga ragin ciwon bai kai yadda majinyaci zai ji shi a jikinsa ba, ga ƙarin jiri da dishi-dishin gani. A Disambar 2019 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa suna iya danne numfashi, musamman ga tsofaffi da masu ciwon huhu da wanda aka haɗa masa da dangin mofin. Ƙoda ce kuma ke fitar da su daga jiki, don haka mai raunin ƙoda sukan taru masa. Ban ce ba su da gurbi ba. Na ce bai kamata su zama ƙwayar kowa da kowa ba, balle a sashen da yawancin masu kwanciya dattawa ne.

Deksametason kuwa allura ɗaya ake yi a farkon aiki, miligiram 4 zuwa 8. Tana rage amai da kumburi, tana da arha, kuma wani babban gwaji na mutum sama da 8,000 da aka buga a 2021 ya nuna ba ta ƙara ruɓewar ɗinki. Mai ciwon suga sai a sa ido kan sugansa. Yara da ake gyara wa hanyar fitsari ko ake yi wa kaciya a asibiti ana yi musu allurar kashe wurin, a ƙasan gadon baya ko a gindin gaba, kuma maganinsu da nauyin jiki ake aunawa.

Yawancin ayyukan mara ana yin su ne da allurar baya, wadda ke kashe jiki daga cibiya zuwa ƙasa mutum na farke. Ita kanta riga-kafi ce mafi ƙarfi, domin saƙon wuƙa ba ya ma isa laka. Amma cikin awa biyu zuwa huɗu take sakin mutum. Ana dawo da shi gado yana murmushi, dangi na ta barka da arziki, sai su watse. Da ya fara motsa yatsun ƙafa, ciwon ya afko gaba ɗaya. Idan akwai farasitamol a jininsa tun safe, aka kuma ba shi na biyu kafin allurar ta sake shi, saukar tana zuwa a hankali. Idan aka jira sai ya yi kuka, to unguwa ta riga ta firgita, kuma za a buƙaci magani mai yawa kafin a kwantar da ita.

A nan ne dangin mofin ke shigowa, kuma halin da ƙasarmu ke ciki ya rikita zancen. Mofin na asibiti yana da wuyar samu a wurare da yawa, sai aka dogara da fentazosin da tiramadol, alhali a titi tiramadol ya zama annoba. Binciken da aka yi a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta mutum miliyan 4.6 a Najeriya sun sha irin waɗannan magunguna ba bisa umarnin likita ba, kuma a Mayun shekarar gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin. Tsoron ya sa wasu iyalai ke ƙin a yi wa majinyacinsu allura mai ƙarfi ko da yana birgima. Wannan kuskure ne: allurar kwana ɗaya ko biyu bayan babban aiki, a ƙarƙashin kulawa, haƙƙinsa ce. Amma akwai dalilin rage ta gwargwadon iko. Tana sa amai, tana sa maye, tana ƙulle bayan gida, kuma mai sabon aikin furosteti idan ya yi yunƙuri a bayi jini na iya ɓallewa. Babbar ribar ƙwayoyin kafin tiyata ke nan a wurina: su rage yawan allurar da za a nema.

Duk wannan lissafi ya rataya ne a kan hirar da ake yi kwana ɗaya kafin aiki, lokacin da likitan sa barci ya zo gefen gado. Zai tambaya, "Baba, kana shan wani magani?" Baba zai ce a'a, domin a wurinsa haɗin ciwon jiki da yake saya a kemis duk yamma ba magani ba ne, kuma sau da yawa akwai diklofenak ko ibufurofen a ciki. Ba zai ambaci asfirin da aka ɗora shi a kai tun shekarun baya ba, ko ƙwayar tsinka jini, wadda kan sa allurar baya ta zama haɗari idan ba a tsara dakatar da ita ba. Ba zai faɗi jiƙon da ake kawo masa daga gida a gora ba. Matashin da ke shan tiramadol kullum don ƙarfin aiki zai ɓoye, musamman idan mahaifinsa na tsaye a wurin, alhali jikinsa ya saba, adadin da ke isar wani ba zai ishe shi ba, kuma yankewar ƙwayar farat ɗaya za ta ƙara masa azaba. Ya kamata a ba shi damar magana shi kaɗai. Mai jinya kuma ya tattaro duk ƙwayoyin gida a leda ya nuna, har da gyambon ciki da asma da ciwon ido a faɗa. Kuma kada kowa ya sayi wani abu ya sha da kansa da sunan riga-kafi. Wanda zai sa barcin shi ke zaɓa.

Maganar azumin tiyata ma tana ruɗa mutane. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce a bar abinci awa 6 kafin aiki, ruwa zalla kuma awa 2, sai fa in likita ya faɗi wani abu daban. Koko da kunu da fura da shayi mai madara duk abinci ne. Haɗiyar ƙwayar da aka ba ka da kurɓin ruwa ba ta karya wannan ƙa'ida. Na ga dattijon da ya ɓoye ƙwayoyinsa a ƙarƙashin filo saboda an ce kada ya ci komai, kuma babu wanda ya tsaya ya yi masa bayani.

Sai dauriya. Muna yabon mai haƙuri, kuma haƙuri ibada ne, amma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. Idan an rubuta allura "in ya buƙata", kuma majinyacin mutum ne da in an ce "Baba, ya jiki?" zai ce "Da sauƙi, alhamdulillahi" yana cije leɓe, to ba za a taɓa yi masa ita ba. Mai ciwon da bai faɗa ba ba ya jan numfashi sosai, ba ya tari, ba ya tashi ya taka, kuma daga nan ne ciwon huhu da daskarewar jini a ƙafa ke samun ƙofa. Abin da na koya a jinyar Baffa shi ne in canza tambayar. Sai in ce, "Baffa, in harbin kunamar nan goma ne, wannan nawa ne?" Sai ya yi tunani ya ce bakwai. Sai in ce, "A ɗinkin ne ko jin fitsarin ne?" Da amsoshin nan biyu nake zuwa wurin nas, kuma suna gaya mata wane magani za ta ɗauko.

Akwai ciwo guda da ba a kashe shi da kowace ƙwaya, kuma shi ne dalilin da ya sa nas ɗin nan ta fara duba jaka kafin ta taɓa allura. Bayan aikin furosteti gudan jini na iya toshe robar. Ruwan wanki na ci gaba da shiga, babu mai fita, mafitsara na ta cika. Alamarsa ita ce ɗigon da ke sauka cikin jaka ya tsaya ko ya ragu ƙwarai, mara ta kumbura ta yi tauri, ciwon kuma ba ya zuwa ya tafi kamar murɗa, hawa kawai yake yi. Mai jinya da ya ga haka kada ya jira zagayen safe, kada kuma ya roƙi allurar barci. Ya je ya kira ma'aikaci nan take, ko ƙarfe nawa ne, a zo da sirinji a zuƙe gudan jinin a buɗe hanya.